Hoton Ƙirjin Yaya Sani

Daren Laraba, Illo

Yau na raka Yaya Sani asibiti saboda tarin nan da ya ƙi ƙarewa. Likita ya duba hoton ƙirjinsa, ya tambaye shi karan sigari nawa yake sha a rana. Mutumin da bai taɓa kai taba bakinsa ba. Ashe hayaƙin dizal ne, na taraktar da ya yi shekaru yana jan kayan matafiya da ita a filin jirgin sama. Shi ya lalata masa huhu.

A mota Yaya Sani ya nuna mini sabbin taraktocin filin jirgin a wayarsa, masu caji, ba hayaƙi ko kaɗan. Ya ce, "Ƙanena, satin da na aje aiki aka kawo su."

Har yanzu ban gaya wa Inna ba.