Memorin da na hana a goge

Laraba, bayan isha'i

Yau kyamara ta kunyata ni wurin suna a Bakura. Da na ɗauki hoto uku a jere sai ta tsaya, jar fitilar nan tana ta ƙiftawa. Kafin ta farfaɗo har an yanka rago. Uban jariri ya ce, "Malam mai hoto, ko mu tada ragon a sake?" Na yi dariya, amma abin ya ci mini rai.

Na kai wa Sanusi mai gyaran waya. Ya zaro memori ya ce, "Wanga ai na waya ne, ba shi iya gudun kyamara, kuma ya cika maƙil. A goge shi kawai."

Na ce a'a. Hotunan sallar bara a Dosara suna ciki. Sau biyu ana zuwa neman hoton mamaci, a nan nake samowa.

Na sayi sabo mai sauri. Na gwada hoto goma a jere kan awakin Inna, kyamarar ba ta tsaya ba.

Sanusi ya ce in bar masa tsohon ya kwashe hotunan a kwamfuta. Gobe zan kai da kaina in tsaya a kansa. Yatsansa ya cika saurin gogewa.