Gwangwanin Yaya Garba

Zuwa ga yayana, Alhaji Garba mai atamfa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka, ina sanar da kai cewa mu nan Garwa lafiya muke, gwargwadon lafiyar tsofaffi. Zafi ya shigo, Binuwai ta ja baya, yashi ya fito. Labarin ƙasa ba sai na ba ka ba: wanda ka bari a kan kujera yana nan a kanta. 'Yarka Asabe ce ta ce in rubuta, za ta sa a waya mutane su gani. Na ce to, ni dai da yayana zan yi magana, wanda ya leƙa ya leƙa.

Akwai wata jita-jita da muka taɓa ji tun muna da sauran baƙin gashi. Wani direba mai ɗauko banda daga Tibati ne ya kawo ta, ran da ya tsaya shan inuwa a gaban shagonka. Ya ce wai ya ji a rediyo cewa hawan jini, wannan da muke ce wa tansiyo, ba ya sallama. Wai mutum zai yi shekaru da shi kansa bai taɓa sarawa ba, yana cin tuwonsa, yana zuwa kasuwa, abin kuwa yana cinsa ta ciki. Wai kuma maganinsa ba na ranar ciwon kai ba ne, na kullum ne, har ƙarshen rai. Muka yi dariya. Kai ka ce masa, "Cutar da ba ta ciwo me ta tsare maka? Bar ta ta zauna." Ni kuwa na ce masu sayar da magani ne suka saya wa rediyo baki. Direba ya shanye ruwansa ya tafi.

Saboda masu leƙe, bari in faɗi asalin gwangwanin, ko da yake kai ka fi ni sani.

Shekarar da aka karya darajar kuɗinmu na sefa, magani ya fi ƙarfin mutane da yawa. A shekarar ne aka auna ka a dispansa, aka ce jininka ya hau, aka rubuta maka ƙwaya talatin, ɗaya kowace safiya. Ka zo da su majalisarmu ta gindin darbejiya a unguwarmu Pumpumre, ka ɓare su daga ledarsu, ka zuba a gwangwanin alewa mai jan murfi, ka ajiye kusa da goro. A majalisar nan ba a taɓa cin abu a ɓoye ba. Wanda ya sayo rake tare ake sha, wanda aka aiko wa zuma tare ake lasa. To ta yaya za ka haɗiyi magani kai kaɗai, ga abokinka a zaune ya dafe kai?

Duk wanda ya zo yana yamutsa fuska, sai ka tura masa gwangwani da ɗan yatsa. "Ɗauki ɗaya, ka kora da ruwa." Kuma kowa ya rantse yana aiki, don kafin la'asar kai ya saki. Yanzu nakan yi tunanin ko inuwar ce da ruwan randa. Modibbo Yero, amininka tun makarantar allo, Bafillacen nan da ba kasafai yake kiranmu da sunanmu ba sai Kaɗo, shi ya fi kowa yabo. Cewa yake, "Kaɗo ya fi dispansa. Ba layi, ba tsawa."

Ƙwaya talatin takan ƙare a kwana goma. Sauran kwana ashirin haka kake zama, don kana jin kunyar komawa wurin mai farmasi kafin wata ya cika. In matarka ta yi magana ka ce, "Ai kaina lafiya lau."

Ni na fi kowa ɗauka. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma duk wanda ya zauna a majalisar ya sani. Ina wuni a kan keken ɗinki, kai ya ɗauki zafi, in taso in miƙa hannu. Sai bayan shekaru aka gano tabarau nake bukata.

Karo na biyu da na ji jita-jitar, wani malamin asibiti ne da ke aiki a garin Colire ya zo saya wa matarsa atamfa. Ya ga ka buɗe wa Yero gwangwani, ya tambayi mene ne, ka gaya masa da fara'arka. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Alhaji, wannan ba goro ba ne." Ya maimaita duk abin da direban nan ya faɗa, har da ƙari. Ka yi masa godiya, ka ba shi goron gaske, ka sa masa albarka. Da ya ba da baya Yero ya ce boko ya busar wa yaran yanzu da zuciya. Muka ce wallahi.

Sauran ka sani. Bayan sallar la'asar ne, kana auna wa wata mata yadi, sandar awo ta faɗi daga hannunka na dama. Ka sunkuya za ka ɗauka, ba ka tashi ba. Baki ya karkace. Unguwa ta ce iska ce ta shafe ka, ni ma haka na ce. Ka yi wata huɗu a kwance, sannan Allah ya karɓi abinsa.

Da aka zo rabon kaya, ban nemi riga ko agogo ba. Gwangwanin na roƙa. Na mayar da shi gindin darbejiya, na ce sadakar Alhaji Garba ba za ta yanke ba. Mutane suka taimaka. Wanda mara lafiyarsa ya warke ko ya rasu, sai ya kawo ragowar magani a zuba. Fari, rawaya, mai tsaga a tsakiya, duk ciki. Wanda ya ɗauka sai ya ce Allah ya kai lada kabarin Alhaji. Shekara da shekaru muna haka, kuma ina jin daɗin jin sunanka kullum a bakin mutane.

Bara ne Asabe ta ɗora ni a babur, ba da son raina ba, ta kai ni wurin wata likita. Yarinya ce, ba ta kai Asabe ba, irin likitocin nan da ke duba gida gaba ɗaya, daga jinjiri har kaka. Ta zaunar da ni, ta ce in jingina, in sauke ƙafa ƙasa, in ɗora hannu a kan tebur, in yi shiru na ɗan lokaci kafin ta auna. Wai an bincika an ga magana da rataye hannu suna ɓata awo. Yaya, ka san ni. Shirun nan ya fi allura zafi.

Awo ya fito sama. Na ce mata kaina lafiya lau. Da na ji kalmomin sun fito daga bakina sai na ji kamar muryarka. Ta ce, "Baba, yawancin masu shi haka suke cewa." Ba ta yarda da awo ɗaya ba. Ta ce wasu tsoron asibiti ne ke ɗaga musu jini, don haka Asabe ta samo na'ura a riƙa auna ni a gida safe da yamma har mako guda. Aka yi. Ba tsoro ba ne, nawa ne na kaina.

Ta rubuta mini ƙwaya ɗaya mai magani biyu a ciki. Ta ce bincike ya nuna iri biyu kaɗan-kaɗan a haɗe sun fi yi wa yawancin mutane aiki a kan iri ɗaya shi kaɗai, kuma ƙwaya ɗaya ta fi wuyar mantawa. Ta ce a rage gishiri da dunƙulen miya, a yi hankali da banda da kilishi. Don in nuna mata ni ma na san duniya, na ce ai ina haɗiyar ƙaramin asfirin kullum, don na ji yana tsinka jini. Ta ce in daina. Da can haka ake ba tsofaffi shawara, amma da aka bi mutane masu yawa aka duba, sai aka ga wanda bai taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar jiki ba, zubar jinin da yake iya jawo masa yakan cinye amfanin. Na ce ashe ku ma kuna canza magana. Ta ce, "Eh, Baba, in mun ga mun yi kuskure." Na daɗe a ƙasar nan, ban taɓa jin mai zama bayan tebur ya faɗi haka ba.

Sai Asabe ta tona ni. Ta zura hannu a aljihuna ta ciro gwangwanin. Likita ta juye shi a kan tebur tana warewa da bakin biro. Wasu sun daɗe da lalacewa. Wani na ciwon suga ne, ta ce zai iya kayar da ƙato lafiyayye. Har da na tsarin iyali. Wannan ban gaya wa Yero ba, don masu launin nan ya fi so.

Na ba ta labarin gwangwanin tun daga farko. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ni mai ƙwaya talatin ɗin nan nake tausayi. Kwana ashirin kowane wata."

Ran Juma'a bayan masallaci Yero ya zo ya dafe kai, ya miƙo hannu kamar kullum. Na ce babu. Na ce ya zo in kai shi a auna shi. Ya dube ni, ya dubi wurin da gwangwanin yake zama kusa da goro, ya ce, "Yau Garba ya rasu." Ya naɗe buzunsa ya koma majalisar bakin kasuwa. Can aka raɗa mini suna Sale Marowaci, kuma sunan ya bi ni har masallaci.

Sunan bai dame ni sosai ba. Yero ne ya dame ni. Mahaifinsa da shanyayyen hannu ya ƙare rayuwarsa, wansa ma haka. Na lura in ya hau ɗan tudun masallaci sai ya tsaya yana haki, ya yi kamar takalminsa yake gyarawa. Cikin waɗanda muka fara zama a gindin darbejiya, ni da shi kaɗai muka rage. In ya faɗi, ba ni da wanda zai tuna muryarka tare da ni.

Don haka kowace safiya sai in je ƙofar gidansa da na'urar Asabe a jaka. In yi sallama, in gaishe shi da Fillanci in ce masa jam, ya ce jam daga bayan katanga, shi ke nan. Kwana arba'in da wani abu ina wannan zarya. Ran nan ya fito da kansa, ya naɗe hannun riga, ya ce, "Auna, Kaɗo, ka rabu da ni." Na ce sai ya jingina ya yi shiru. Ya ce yau ya ga ƙarshen duniya, Sale ne ke sa mutum shiru. Abin da na'ura ta nuna ba zan rubuta ba. Washegari dai muka hau babur ɗaya zuwa wurin likita, yana cewa in ya mutu a layi ni na kashe shi.

Yaya, akwai abin da na tsallake a sama, kuma dominsa na zauna rubutun nan.

Kana kwance, wata na uku ke nan, Yero ya zo duba ka, ya ce kansa na sarawa. Gwangwanin na nan gefen matashinka. Na kai hannu zan buɗe masa. Ka ɗora hannunka na hagu a kan murfin ka danne. Ka yi ta kokawa da harshenka har maganar ta fito. Mutanen ɗakin suka ce ba su gane ba, suka ce ciwo ya canza maka hali. Ni ma na ce ban gane ba. Na gane, Yaya. Cewa ka yi, "Ba goro ba ne." Na zare gwangwanin daga ƙarƙashin hannunka a hankali, kamar ina gyara maka kwanciya, na ba Yero ya ɗauka. Ka rufe ido.

In na yarda na ji ka, dole in yarda da inda kwana ashirin ɗinka suka riƙa tafiya. Shi ya sa na yi shekaru ina raba guba da sunanka, ana yi maka addu'a.

Ka yafe mini abin da na haɗiye na rabonka. Ka yafe mini hannunka da na ɗage. Batun rufe gwangwani kuwa ba na neman gafara, don kai ka riga ni rufewa. Yana nan a aljihun keken ɗinki, na wanke shi, maɓallai nake zubawa.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya ba ka ladan niyyarka, ya ɗauke maka kuskurenmu. Allah ya haɗa ka da Inna da Baba a gidan da ba a dafe kai. Mu kuma ya ba mu ikon haɗiyar tamu kowace safiya, kowa tasa, har ranar da za mu iske ku.

Jita-jitar nan ta direban Tibati, na ji ta sau biyar ke nan. Daga shi, daga malamin Colire, daga kai, daga likita. Na biyar ran Larabar nan ne. Wani tsoho ya dawo gindin darbejiya ya shimfiɗa buzunsa a inda ya saba, ya ƙi cin kilishin da aka miƙa masa, ya nuna ni da sanda a gaban jama'a ya ce, "Kaɗo, kai da ba ka san komai ba, bari in gaya maka. Tansiyo ba ya sallama." Na ce ban taɓa ji ba, Modibbo, ƙara faɗa.

Yero ne, Yaya. Yana gaishe ka.

Ƙaninka,
Sale tela, Pumpumre, Garwa