Ruwa Ya Raba Ni da Jikata

Daren Laraba, tsakiyar damina, 1957

Alhamdu lillahi, jiya ’yata Hajara ta sauka lafiya a Burumburum, mace! Daga hayin kogi mijinta ya ƙwalla mini albishir, don ruwa ya cika, ba a ƙetarewa.

Da hantsi masu awon gadar mota da jirgin ƙasa suka zo. Tafintansu ya ce, “Baba, ina ruwa ke kaiwa? In ƙasa ne, gajerun ginshiƙai, shekara guda mun gama. In sama ne, dogaye, shekara uku.”

Wallahi na so in rage. Amma na nuna musu iyakar ambaliya a jikin tsamiya, can sama da kaina.

Talata suna, babu ni. Jikata, amaryata, yi haƙuri. Kafin su gama, kin iya takowa da ƙafarki.