Baba Ya Ɗaura Zanenki

Umma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki irin gaisuwar da na saba yi miki tun daga bakin ƙofa kafin in cire takalmi. Na san takardar nan ba inda za ta, ba kuma za ki karanta ta ba. Ko kina da rai ma cewa za ki yi in karanta miki, wai tabaranki ya ɓace. Amma yau Alhamis, jibi Asabar Yaya Nasiru zai zo da mota ya ɗauke Baba daga gidan nan, ni kuwa ba ni da wanda zan faɗa wa abin da ke cina sai ke.

Wata bakwai ke nan da rasuwarki. Gwaibarki ta tsakar gida ta yi 'ya'ya, ƙanwata Hafsa ta sauka lafiya an samu namiji, an kuma gyara famfon nan da kika gaji da mita a kansa. Labaran daɗin ke nan, sun ƙare.

Saura maganar Baba. Kin san mantuwar da ta fara kama shi tun kina nan, wadda kika yi ta rufawa, kina raɗa masa sunan baƙo a kunne kafin ya shigo. Da kika tafi sai komai ya fito fili. Likita ya ce cutar mantuwa ce ta tsufa, ba ta da magani sai lallaɓawa. Wannan mun ɗauka, mun yi haƙuri. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne, tun watan jiya Baba yake ɗaura zanenki yana fita waje. Koriyar atamfar nan mai tsuntsaye da kike sallar walaha da ita. Ya ɗaura a ƙugu a kan singileti, ya gyara zaman hularsa, ya ɗauki sanda, ya fita da rana tsaka yana gaisawa da mutane kamar ba komai.

Kafin in ci gaba bari in sauke nauyin farko. Ni na ɓoye zanen. Ranar da Gwaggo Asabe ta baje kayanki za a raba, na gan shi rataye a bayan ƙofa, ƙanshin turaren wutarki bai bar shi ba. Na naɗe shi na cusa ƙarƙashin katifar Baba da niyyar in dawo in ɗauka, ban sake samun sukuni ba sai da ya riga ni gani. Haƙƙin 'yan'uwana ne na taɓa, na sani. Har yau Yaya yana cewa sakacin Gwaggo ne, ni kuwa na bar ta da laifin.

Kin fi ni sanin Unguwar Shanu. Kafin la'asar ta ranar farko babu gidan da bai ji ba. Mata suka dinga sallama wai sun zo duba jikin Baba, bakinsu na ya mai jiki, idonsu na kan ƙafafunsa. Wasu suka ce aljana ce ta aure shi. Wasu suka ce sammu ne aka yi masa tun yana ofis, sai yanzu ya tashi. Akwai kuma waɗanda suka ce wai dama can haka yake, tsufa ne ya tona asiri, suka kira shi ɗan daudu. Baba fa, Umma! Mutumin da ko dariya da ƙarfi ba ya yi a gaban surukansa. Wadda ta kawo mini wannan maganar na raka ta har ƙofa, na ce ta gaida gida, kar kuma ta sake wahalar da ƙafarta. Na san da kina nan da kin harare ni.

Na masallaci ya fi yi mini ciwo. Shekara nawa yana sahun gaba? Liman, Allah ya saka masa, ya ce al'aurarsa a rufe take, sallarsa ta yi, a ƙyale shi. Suka ƙyale shi ɗin, amma suka bar masa fili hagu da dama, ba mai haɗa kafaɗa da shi. Kuma rabinsu hotunansu na nan a falo sun ɗaura harami a Makka suna murmushi. Nasu fari ne, nasa mai tsuntsaye, shi ke nan sai ya zama abin gudu?

Mun gwada ƙwace zanen. Kwana uku bai sa komai a bakinsa ba, ya juya fuska ga bango, ko kunun gyaɗa na kai sai ya ture. Rana ta huɗu na mayar masa ba da sanin kowa ba. Ya rungume, ya shanshana, ya ce a kawo tuwo.

Sai ga ranar Talata. Ina wurin aiki, matar Yaya da na bar shi a hannunta ta shiga wanka, Baba ya zare sakata ya fita. Yadda aka yi ya kai tashar Kawo har yanzu ba mu sani ba. Yana bin motocin Zariya ɗaya bayan ɗaya yana leƙa taga. Kin san yadda garin ya zama, kowa a tsorace yake, ana ta labarin masu kai wa ɓarayin mutane rahoto suna shigar mata. Wani ya ga namiji da zanen mace yana leƙen motoci, ya ɗaga murya, kafin ka ce me an yi masa zobe. Ba wanda ya tsaya ya dubi furfurarsa. Aka mare shi, hularsa ta faɗi, aka fasa masa gira, wasu kuma sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. An ce har an fara neman taya. Wani direba da ya taɓa zama a layinmu ne ya gane shi, ya kutsa ya rufe shi da jikinsa yana rantsuwa ya san gidansu. Ba don shi ba, da ta'aziyya ake karɓa a gidan nan yau.

Bidiyon ya zaga gari. Yaya ya gan shi a wayar abokin aikinsa kafin ma a kira shi. Da ya zo ya tarar da jinin a singileti, ya shiga ɗakinki ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, ya fito da shawara a yanke. Akwai wani gidan magani a bayan gari inda ake ajiye masu taɓin hankali, can zai kai shi. Ya ce gara ya san ubansa na ɗaure da rai da a kira shi ya zo ya kwashi toka. Na yi masa tsawa, na ce ba da ni ba. Jiya na je na ga wurin da idona. Na ga dattijo sa'an Baba zaune a rana da mari a ƙafa, ƙuda na bin gyambon da ƙarfen ya yi masa. Baba ba zai yi wata ɗaya a can ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Talatar, ina goge masa girar da ruwan ɗumi, ya ce mini a hankali wai ya wanke wandonsa, ke kuma ba ki dawo daga Zariya kin goge masa ba, shi ya sa ya je taryar mota. Sai da auduga ta faɗi daga hannuna.

Kin tuna satin bikina, ana sa mini lalle, kika kori kowa kika ba ni labarin farkon zamanku? Kika ce lokacin Baba masinja ne, wandon kaki ɗaya gare shi tak, har aka haife ni haka kuke. Ranar Lahadi ki wanke, shi kuma ya ɗaura zanenki ya rufe ƙofa ya zauna, in an yi sallama ki ce ba ya nan. In ya bushe ki goge da dutsen guga na gawayi, ki miƙa masa da ɗuminsa. Kika yi dariya har da hawaye, sannan kika kama kunnena kika ce ko bayan ranki kar wani ya ji, mutum ne mai kunya, ya sha wuya kafin a kira shi Alhaji. Na yi miki alkawari. Ashe duk tsawon watan nan ba aljana ba ce, ba sammu ba. Ranar Lahadi ce ta ƙi wucewa a wurinsa, yana jiran wando ya bushe.

Yau ban je aiki ba. Na wanke wandonsa na shanya a igiyar da ke saitin tagarsa, yana zaune yana kallo. Na aro dutsen guga na gawayi wurin mai wanki da guga na bakin layi, na goge, na kai masa da ɗuminsa, na durƙusa na ce ya bushe. Na fito na ja ƙofa. Da na koma ya sa wandon, ya ninke zanen da kansa ya ajiye a kan filo.

Sai ya dube ni ya kira ni da sunan nan da shi kaɗai yake kiranki da shi. Ya tambayi yaushe na dawo, ya hanya, ya jikin Inna mahaifiyarki. Na amsa, Umma. Da sunanki na amsa wa mahaifina, na ce kowa lafiya, suna gaishe shi. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Ya ci abinci, bai nemi ƙofa ba duk yinin yau. Na yi daidai? Ƙarya ce ko jinya? Wa zan tambaya?

Kwana ɗaya ba hujja ba ce, Yaya zai faɗi haka, kuma yana da gaskiya. Gobe zan sake wankewa in sake gogewa. In Allah ya sa ya tafi Juma'a da wando, ina da abin nunawa. Amma dole jibi in zauna gaban Yaya da Gwaggo da su Kawu in faɗi maganar zanen da na ɓoye, in kuma faɗi labarin da kika kama kunnena a kansa. Ban ga wata hanya ba. Asirin da kika rufa masa shekara hamsin ni zan buɗe, don kar a sa masa ƙarfe a ƙafa. Ki yafe mini. In sun ƙi ji, a bakin ƙofar motar za su same ni, sai dai su ɗaga ni su ajiye gefe.

Abu ɗaya ya rage ban faɗa miki ba. Lokacin da na ja masa ƙofa yana sa wandon, na jingina da bango na toshe bakina da mayafi, na ɗauka ba ya ji. Bayan ya gama tambayata mutanen Zariya, har na ɗauki kwano zan fita, sai ya ce in je in duba Sadiya, ɗazu ya ji tana kuka, kar a bar yarinyar nan ita kaɗai. Na ce to, yanzu zan je.

Allah ya jiƙanki, Umma, ya haskaka makwancinki, ya sada mu a inda ba a mantuwa. Sai mun zo.

'Yarki da ta ɗauki zanen,
Sadiya