Awudu Ya Daina Rap da Hausa

Nima, daren Asabar, 1998

Na dawo daga wasan da aka yi a unguwar Maamobi raina a ɓace. Awudu ya hau dandamali da jibgegiyar rigar sanyi cikin wannan zafin, yana rap da Turancin Amurka, zancen bindiga da motocin da bai taɓa shiga ba. Awudun da a da nake buga wa benci a madadin ganga, yana waƙe kwatar unguwarmu da ƙosan uwarsa da Hausa, har tsofaffi su tsaya saurare!

Mma Hawa ta bar kaskonta ta zo kallon ɗanta. Ta taɓo ni ta ce, "Salisu, me ɗan'uwanka ke faɗa?"

Na ce, "Mma, gaishe ki yake."

Ta yi murmushi, ta ɗaga masa hannu. Wallahi ko dubanta bai yi ba.