Sunan Kakana Da Kika Tafi Da Shi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, da fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, ina sanar da ke cewa hankalina a tashe yake. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma ba ni da wanda zan kai wa kukan nan sai ke.

Takwararki Ummi, 'yata, ta samu miji. Yaron kirki ne, malamin asibiti, ita ma tana sonsa. Magabatansa sun fara bincike kamar yadda aka saba, sai baffansa ya aiko da tambaya guda: wane ne mahaifin Audu Auna? Wato kakana, surukinki. Jibi za su zo jin amsa. Inna, wallahi ban san sunansa ba.

Baba ya rasu ina goye, kuma sunan gari ya ɗauka, bai ɗauki na uba ba. Ke kuwa kunya ba ta taɓa barin ki kama sunan suruki ba. Mai Farar Saniya kike ce masa. Na tuna ranar da malaminmu na firamare ya ce kowa ya zo da sunan kakansa. Kina tankaɗe na tambaye ki, kika ɗaga rariya kamar za ki kwaɗa mini, kika ce, “Bakina bai yi tsawon nan ba.” Na yi dariya na fita wasa. Yau ga dariyar ta dawo mini.

Kin san garin nan. Idan mutum ya kasa faɗin kakansa, mutane za su faɗa masa. An riga an fara raɗa a majalisa wai a igiya aka kawo kakan namu zamanin hare-hare. Ni ko haka ne ban ga abin kunya ba, ba shi ya ɗaure kansa ba. Amma baffan yaron nan mutum ne mai taurin kai, kuma Ummi ta daina cin abinci.

Ba zama na yi ba. Na sayi littafin koyon binciken asali wajen mai littattafai na bakin kasuwa, na aro na tarihi a laburaren kwaleji. Na tarihin sarakuna ne da 'ya'yan sarakuna, babu manomi mai saniya ɗaya a ciki. Ɗayan kuma cewa ya yi a duba takardar haihuwa, a karanta rubutun kan kabari. Kai jama'a! Mu da fasasshiyar tukunya ce alamar kabarinmu? Abu ɗaya ya faɗa da ya shige ni: a tambayi tsofaffi tun suna da rai.

Shi ya sa jiya na hau mashin har ƙauye bayan Auna, wajen Iya Ladi, matar wan Baba. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga kakan nawa. Ta tsufa tukuf, idon ya tafi, tunanin ma yana zuwa yana komawa. Ta shafa fuskata ta gane ni. Da na yi tambayar sai ta ja mayafi ta rufe baki. Ashe ita ma surukinta ne. Na roƙa, na yi magiya, har na durƙusa. Sai ta dafa kaina ta ce, “Je ka tambayi uwarka, ita ta yi jinyarsa.” Ta manta kin rasu, Inna. Ban iya tuna mata ba.

Wani aboki ya ce in ƙirƙiro suna kawai, wa zai tona? Na juya maganar, na ga ba zan ɗaura auren 'yata a kan uban ƙarya ba. Jibi zan ce musu jikan Mai Farar Saniya ne ni, iyakar abin da uwata ta ba ni ke nan. In sun tashi sun tafi, ban san da wane ido zan kalli Ummi ba, kuma ina jin tsoro.

An ce in tambaye ki, to ga shi na tambaya.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki. Ya jiƙan Baba. Ya jiƙan mahaifinsa, Shi da Ya san sunansa.

Ɗanki,
Auta