Galan Ɗin Da Na Aiko Miki Daga Riyad

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Ramatu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ni'imar kabari. Autanki ne, Sani. Furfura ta cinye mini kai yanzu, amma akwai maganar da na kasa yi miki tun ina saurayi.

Kin san na tafi Riyad aikin kuku. Abin da na rubuto miki ke nan, kuma ba ƙarya na yi ba. Gidan wani Bature injiniya ne a unguwar Malaz, shi ne kafilina, wato mai tsaya mini a wajen hukuma, igamata, takardar izinin zama, tana hannunsa. Sai dai ban gaya miki aikina na bayan la'asar ba.

Kullum in ya dawo daga masana'anta, ni ke haɗa masa abin shansa. In goga lemun tsami a bakin dogon kofi, in dangwala shi a gishiri, in cika da ƙanƙara. In matse babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci da nake sayowa a kasuwar Aziziya, in ƙara ruwan soda. Daga ƙarshe in zuba awo ɗaya na giyarsa, tekila yake ce mata. Fara ce tas kamar ruwan rijiya. Ya kurɓa ya lumshe ido, ni kuwa in koma kicin in yi ta wanke hannu kamar na taɓa mushe.

Inna, a ƙasar nan ba a wasa da giya. Bulala ce, da kurkuku, da kora. In mota ta tsaya a ƙofar gida, sai in leƙa ta taga, don na san in askarawa suka shigo, Bature yana da masu fito da shi, ni wa gare ni? Ɓawon lemon ma sai na ƙulle shi a leda biyu kafin in zubar.

Shi kuwa ya samo dabararsa. A farin galan irin na zamzam yake ɓoye ta a sito, wai ba askarin da zai buɗe zamzam. Ran da na fara gani na yi salati a zuci, na ja ƙofar siton na fita.

Da na sami labarin ciwonki ya yi tsanani, na roƙi kwana uku na je Umra, na ɗebo miki zamzam galan guda da hannuna. Ɗakina kamar tanda yake, sai na ajiye shi a siton nan mai sanyi, na ɗaura masa jan zare a mariƙi don in gane nawa. Kin sha gaya mini, “Auta, garaje ba ya kai mutum gida.” Ranar da Malam Haladu direba zai dawo Najeriya, ya tsaya a waje yana ta danna ham, jirgi zai bar shi. Na shiga da gudu, na sunkuci galan, na naɗe murfin da leda, na miƙa masa.

Bayan kwana tara kwalbar maigida ta ƙare, na je sito in cika ta. Jan zare na gani.

Wallahi Inna, nan na zauna daɓas a ƙasa. Na buɗe na shinshina, ba wari, ba komai. Zamzam ɗinki ne a gabana. Na tuna Malam Haladu, mai 'ya'ya shida, ya ratsa filin jirgi rungume da abin da zai iya kai shi kurkuku, yana ta yi mini addu'a. Sannan na tuna abin da ya fi wannan. Tun muna yara kike cewa, “In Allah Ya ba ni zamzam ba zan shanye ba, na likkafanina ne.”

Garinmu ba waya. Na rubuta wa Yaya Hajo, yayata mai jinyarki, takarda na ce kada a buɗe galan, ya lalace a hanya. Na yage. Wa ya taɓa jin zamzam ya lalace? Na sake rubutawa na ce kawai a ajiye shi sai na zo. Takarda kan yi mako uku kafin ta isa. Cikin makonnin nan na ci gaba da matse lemo, na fasa kofi biyu. In na tayar da salla, abin da nake gani shi ne farin ƙyalle a shimfiɗe, mata sun kewaye shi, ana kwance ledar murfi.

Amsar takardata ba ta zo ba. Kaset ne ya zo, da muryar Yaya Hajo tana kuka, ta ce kin rasu ranar Laraba. Na juya kaset ɗin gaba da baya, ba ta ambaci galan ba ko sau ɗaya. Shirun nan ya fi komai razana ni.

Na ajiye aikin na dawo gida. Kwana huɗu ina zaune a kan tabarmar gaisuwa, ina kallon fuskokin mutane ko zan ga alamar sun sani. A na biyar Yaya Hajo ta kira ni ɗakinki, ta jawo galan daga ƙarƙashin gado. Babu komai a ciki, an wanke shi tsaf.

Ta ce kwana uku kafin rasuwarki kin sa an miƙo miki shi, kin ce kowa ya fita. Da ta dawo ta tarar kin rarrafa har bayan ɗaki, ke da ba kya iya tashi, kin tuttular da shi, kin tura ƙasa a kai da tafin hannu. Ta ce kin ce mata, “Na fasa. Ruwan rijiyarmu ya ishe ni. Kuma kada wanda ya tambayi Auta.” Har ta koma ga Allah, Yaya Hajo tana zaton zafin ciwo ne ya taɓa miki hankali.

Kin rufa mini asiri da ragowar ƙarfinki, Inna, kin tafi da abin a cikinki. Tsorona yanzu ba na bulala ba ne. Ina tsoron abin da kika ɗauke ni a kwana ukun nan. Na rantse da wanda raina ke hannunSa, ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba. Amma hannuna ya zuba, shekara biyu yana zubawa, kuma na san a zunubin giya mai zubawa ma ba a bar shi a baya ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga tafkin Alkausara, ruwan da ba ya biyowa ta hannun gafalalle irina. Allah Ya rufa miki asiri ranar tsayuwa kamar yadda kika rufa mini. In mun haɗu, ki taimaka ki ɗago kai ki dube ni.

Galan mai jan zare na taho da shi. Yana ɗakina, ban sake buɗe shi ba. Na gaya wa 'ya'yana in na mutu kada su yayyafa a likkafanina, su kai shi su zuba a kan kabarinki. Naki ne.

Ɗanki mai neman gafara,
Auta